Layin wayarka wa za ka bar wa? Wasiƙar tsohon soja ga masu tafiya aiki ƙasar waje

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka, kuma ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, don maganar na daɗe ina haɗiye ta.

Makon jiya ɗan ƙanena ya zo yi mini sallama. Kofur ne, sunansa ya fito cikin waɗanda za a kai Abyei, yankin nan da Sudan da Sudan ta Kudu ke jayayya a kansa, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta girke dakarun kiyaye zaman lafiya tun 2011. Ya zauna yana lissafa mini shirin da aka yi musu: allurar shawara, ƙwayoyin zazzaɓi, fasfo, horon makonni, har da darasin yadda ake mu'amala da farar hula. Na bari ya gama, sannan na ce, "To, layin wayar da banki ke turo maka lambar sirri, da shi za ka tafi ko barin sa za ka yi?" Ya yi shiru. Na ce, "Katin cirar kuɗinka yaushe wa'adinsa zai ƙare?" Ya zaro ya duba, wata huɗu ya rage masa, shi kuwa shekara zai yi a can. Na ce, "Wa ka rubuta a takardar magaji?" Ya ce, "Wallahi Baba, tun ina kurtu na cike ta, na manta."

Ban ga laifinsa ba. Ni ma haka na tafi, har sau uku: Laberiya a 2006, Darfur a 2011, Mali a 2015. Na sauka daga aiki ina samanja. A dukan tafiye-tafiyen nan an duba bindigata, an duba takalmina, an duba jinina, amma ban taɓa jin wani ya tsayar da mu a fareti ya tambaye mu yadda muka tsara kuɗinmu ba. Alhali a cikin waɗanda muka dawo lafiya, waɗanda kuɗi ya raunata sun fi waɗanda harsashi ya taɓa yawa nesa ba kusa ba.

Bari in fara da gyara wata fahimta, don ita ce tushen rigingimu da yawa tsakanin soja da danginsa. Jama'a suna ji a rediyo cewa Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan sama da dala dubu kan kowane soja a wata, sai su ninka da goma sha biyu, su yanke hukunci cewa ɗan'uwansu ya zama attajiri. Gaskiya ne akwai wannan kuɗi. Lokacin da na je Laberiya da Darfur dala 1,028 ne, ban da wasu 'yan ƙare-ƙare na kayan sawa da makami. A 2014 aka ɗaga shi zuwa 1,332, a 2018 ya kai 1,428, a 2022 kuma 1,448. Sai dai ba a hannun soja ake danƙa shi ba. Gwamnatin ƙasar da ta ba da dakarun ake biya, ita kuma ta yanke abin da za ta ba sojanta, da lokacin da za ta ba shi, da irin kuɗin da za ta biya shi da shi. Shi ya sa za ka ga sojoji biyu daga ƙasashe biyu suna gadin ƙofa ɗaya cikin rana ɗaya, alawus ɗinsu ya sha bamban. Abin da Majalisar ke ba sojan bataliya kai tsaye ɗan kaɗan ne: a zamaninmu dala ɗaya da santi 28 a kowace rana, sai kuɗin hutu na dala 10 da santi 50 a rana na 'yan kwanaki. Hafsoshin da ke tafiya a matsayin 'yan sa ido su ne ke karɓar alawus mai kauri a hannunsu, don su ke ciyar da kansu su kama wa kansu masauki. Nasu tsarin daban ne, kada a haɗa mu.

Kada wani ya ɗauka maganar alawus ƙaramar magana ce. Boren da ya kifar da gwamnatin Henri Konan Bedie a Kodebuwa a watan Disambar 1999 ya faro ne daga sojojin da ke neman haƙƙinsu, ciki har da waɗanda suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ba goyon bayan bore nake yi ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi shi ne, soja ya san nawa ne nasa a rubuce tun kafin ya hau jirgi. In ya sani, ba zai gina gida a kan jita-jitar bariki ba, kuma zai iya faɗa wa danginsa gaskiya.

Yanzu in zo kan Darfur, inda na sha darasin da har yau bai bar ni ba.

A wancan lokacin Sudan tana ƙarƙashin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata tun 1997, wanda ba a janye ba sai a watan Oktoban 2017. Ma'anarsa a wurinmu mai sauƙi ce: katin Visa ko Mastercard na bankinka roba ce kawai a aljihu, ba na'urar da za ta karɓe shi. Tura kuɗi ta banki kuwa wahala ce da ba ma tunaninta. Tunda aka gaya mana haka, sai na ce to me zan yi da katin a can? Na ɗauke shi, da lambar sirrinsa, na miƙa wa yayana. Na ce duk wata idan albashi ya shiga ya ciri kaza ya ba maiɗakina, saura ya bar mini. Da baki muka yi maganar, a tsaye, ana jiran mota. Ban rubuta komai ba. Yaya za a yi in ce wa mutumin da ya goya ni ya sa mini hannu a takarda?

Na yi watanni a wani ƙaramin sansani da ke nesa da Niyala. Waya sai ka hau tudu, wata rana ta shiga wata rana ta ƙi. In na samu maiɗakina ta ce lafiya lau, yara suna gaishe ni. In na samu Yaya ya ce komai daidai, in mai da hankali ga aikina. Na kwantar da hankalina, ina lissafi a ƙaramin littafi ina murna da abin da nake zaton yana taruwa.

Da na dawo na je banki na karɓi takardar bayanin asusu. Abin da na tarar bai kai albashin wata ɗaya ba. Na zauna a benci na bi layi-layi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu inda aka kwashi kuɗi mai yawa a lokaci guda. Ƙananan cira ne, yau kaɗan, jibi kaɗan. Da na zauna da Yaya, kowane ɗaya yana da dalilinsa, kuma yawanci dalilai ne na gaskiya: wance ta kwanta asibiti, wane an koro shi daga makaranta, ga wani ɗan ciniki da ya ga zai juya ya mayar kafin in dawo, cinikin ya ƙi. Bai ɗauki kansa a matsayin wanda ya ci amana ba, a ganinsa abin da zan yi da ina nan shi ya yi a madadina. Wataƙila ma rabin abin da na yi ɗin. Ita kuwa maiɗakina, ashe wata uku na ƙarshe rabin abin da na ce ake ba ta, ta yi shiru don kada ta haɗa ni da ɗan'uwana, kuma kada ta tayar mini da hankali ina bakin daga.

Kuɗin ban daɗe ina jin zafinsa ba, an sake nema an samu. Abin da ya ci ni shi ne shekara biyu da muka yi ni da Yaya muna gaisawa sama-sama, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Kuma in za a yi adalci, laifin nawa ya fi yawa. Na ɗora wa mutum kayan da ba kowa ke iya ɗauka ba: kuɗi a hannu, mabuƙata a ƙofa, mai kuɗin kuma yana wata duniya ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga bangon.

Akwai wani abin da na gani da idona a wannan tafiya. Ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, kafin watan ya ƙare Khartoum ta fito da sababbin takardun fam, aka ba da ɗan gajeren wa'adi na canza tsofaffin. Lokacin damina ne, kwaruruka sun cika, ayarin motoci sai ya yi kwanaki bai iso sansaninmu ba. Wani abokin aikinmu ya canza daloli masu yawa zuwa fam saboda ya samu farashi mai kyau a hannun 'yan canji, ya cusa a akwatin ƙarfensa. Kafin ya samu hanyar shiga gari an rufe ƙofa. Da takardun ya dawo gida, yaransa suka riƙa wasan kanti da su. Tun daga nan na ɗauki doka: kuɗin ƙasar da kake aiki a ciki, kada ka riƙe fiye da abin da zai kai ka mako biyu. Ƙasar da ake kai sojan kiyaye zaman lafiya ba ƙasa ce da kuɗinta ke zaune lafiya ba, in da tana zaune lafiya da ba a kai ka ba. Dubi abin da ya faru a watan Fabrairun 2021, rana ɗaya gwamnatin Sudan ta mayar da farashin hukuma daga fam 55 zuwa 375 kan dala guda.

Ita ma dalar tana da nata shiririta. In za a biya ka a hannu, tsaya ka duba kowace takarda kafin ka bar teburin. Gwamnatin Amurka ta ce duk takardar dala, tsohuwa ko sabuwa, kuɗi ce. 'Yan canji a ƙasashenmu ba su san da wannan zance ba. Takardar dala ɗari ta tsohon bugu, ko wadda ta ɗan yage, ko wadda aka yi wa rubutu da biro, ko dai su ƙi karɓa ko su karya mata farashi. Tun da aka fito da sabuwar 'yar ɗari mai shuɗin zare a 2013 kowa ita yake nema. Ƙananan takardu ma, 'yan dala biyar da goma, ba a canza su a farashin 'yar ɗari. Kuma zufa da ruwan sama suna lalata kuɗi, na ga wanda ya ɗinke nasa a cikin ɗamara ya kwance ya tarar sun yi baƙi sun manne da juna.

Wasu kan bi ta hannun 'yan kasuwa: ka ba mutum dala a can, abokin cinikinsa ya ba iyalinka a gida. Na taɓa bi sau biyu, ya isa lafiya, kuma da sauri. Ba zan yi ƙarya in ce ba ta aiki ba. Amma ranar da ba ta yi aiki ba, ba ka da rasit, ba ka da ofishin da za ka kai kuka, ba ka ma isa ka gaya wa kwamandanka ba. Na fahimci abin da ke tura mutane can. Aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara shi ne mafi tsada a duniya a lissafin Bankin Duniya, ana cin mai aikawa wajen kashi 8 cikin 100, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Duk da haka, in za ka bi ta hannun ɗan kasuwa, ka ba shi abin da in ya ɓace ba zai hana ka barci ba.

Da tafiyar Mali ta zo na ce na yi hankali. Na buɗe asusu na biyu da sunan maiɗakina. Na je bankina na sa hannu a kan umarni na dindindin, cewa ranar kaza ga kowane wata a ciri kaza daga albashina a tura mata, a ciri kaza kuma a tura wa mahaifiyata. Ba mai roƙon wani, ba mai jiran wani. Katina kuma na tafi da abina. Mali ba Sudan ba ce, a Bamako kati yana aiki. Sefa kuma, kuɗin Mali, an ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro guda, ba ta tsalle-tsalle irin na fam. Mun ma taki sa'a, don yuro ya yi sanyi a tsakanin 2014 da 2015, dalar da ba ta kai sefa 500 ba ta haura 600. In ka je na'urar cirar kuɗi a ƙasar waje ta tambaye ka ko ta yi maka lissafi da kuɗin ƙasarka ko da na wurin, zaɓi na wurin. In ka bar mata lissafin, da farashinta za ta yi, kuma ba don amfaninka ta tsara shi ba.

Duk wannan wayon nawa, abu guda na manta: layin waya. Na ce ai zan sayi layin can, sai na cire nawa na jefa a aljihun tebur a gida. Aka kai mu Tumbuktu. Wata na bakwai na so in tura kuɗi ta intanet, banki ya ce ya aika lambar tabbatarwa zuwa wayata. Na kira gida na ce a ɗauko layin a sa a waya a karanto mini. Aka sa, ya ƙi tashi. Ashe kamfanin ya ga layi ya yi watanni ba motsi, ya karɓe abinsa ya sayar wa wani. Wato tsawon makonni duk saƙon shigar albashina da abin da ya rage a asusuna yana zuwa wayar wani bawan Allah da ban sani ba. Allah ya sa mutumin kirki ne, ko kuma bai gane abin da ke hannunsa ba. Na yi ta gwada shiga har aka toshe asusun gaba ɗaya. Na kira bankin ta wayar aro, yarinyar da ta ɗauka ta ce, cikin ladabi, sai dai in zo reshe da kaina da katin shaida. Na ce mata, "'Yata, ina Tumbuktu." Ta ce ta gane, amma sai dai in zo reshe da kaina.

Wata biyar albashina yana shiga ban iya taɓa shi ba. Abin da ya rufa mini asiri shi ne umarnin nan na dindindin, shi bai tsaya ba, duk wata kuɗin gida yana fita a kan lokaci. Da ban yi shi ba, da yarana sun wahala alhali ubansu yana da kuɗi a banki.

Don haka ga duk mai shirin tafiya: a wannan zamani layin wayarka shi ne mabuɗin asusunka, ya fi katin muhimmanci. Ka tafi da shi, ka sa a buɗe masa damar aiki a ƙasar waje, ka riƙa sa masa ɗan kati kana kira ko aika saƙo lokaci-lokaci don kada ya mutu. In bankinka yana ba da 'yar na'urar nan mai fitar da lamba, ko yana turawa ta imel, ka nema, don akwai wuraren da ake kwana da kwanaki babu sabis, a arewacin Mali 'yan bindiga kan lalata turakun sadarwa da gangan. Ka je reshe da ƙafarka kafin tafiya, ka rubuta musu cewa za ka yi wata kaza a ƙasa kaza, ka karɓi suna da lambar ma'aikaci guda da za ka riƙa nema. Ka sabunta katin ko da wa'adinsa bai cika ba. In kana da wani asusu da ba ka cika taɓawa ba, ka tambayi bayan wata nawa suke ɗaukar sa a matsayin wanda ya kwanta, don tayar da shi daga nesa ba ƙaramin aiki ba ne. In kuma dole sai wani ya wakilce ka, ga kuɗin haya, ga ginin da ka fara, to a rubuta takardar wakilci a gaban lauya, a faɗi abin da zai iya yi, da iyakar kuɗin, da ranar da wakilcin zai ƙare. Ita lambar sirri ba a ba kowa.

Ka kuma gaya wa iyalinka tun kana gida cewa duk wanda ya kira ya ce an harbe ka, kana asibiti, a turo kuɗin magani da gaggawa, maƙaryaci ne. Sojan da ya ji rauni a bakin aiki ba iyalinsa ke biyan kuɗin asibitinsa ba. 'Yan damfara suna bibiyar hotunan da samarinmu ke sakawa a Facebook da shuɗiyar hular dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, daga nan suke sanin wane ne ba ya gari.

Akwai maganar da ba ma son yi, amma dole. A Mali mun rasa wani saje, abokina ne ƙwarai. A lokacin diyyar da Majalisar ke biya kan wanda ya rasu a bakin aiki dala 70,000 ce, daga baya a 2018 aka mayar da ita 77,000, kuma ita ma ta hannun ƙasarsa take bi. Da aka buɗe fayil ɗinsa, sunan mahaifinsa ne a takardar magaji, mahaifin kuwa ya rasu da shekara takwas. Matarsa ba ta san bankuna nawa yake ajiya ba. Wani asusun ma sai da aka ga saƙo a tsohuwar wayarsa aka san da shi. Mutane biyu a bataliya sun san ya ranta musu kuɗi, ɗaya ya kawo, ɗaya ya yi shiru, mu kuwa ba mu da shaida. Kusan shekara uku baiwar Allah nan tana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da goyo a baya. Kuma mutane su sani, rubuta sunan mutum a matsayin magaji ba ya nufin banki zai miƙa masa kuɗi, sai an bi ta kotu an fito da takarda. Abin da zai rage wahalar shi ne takarda guda da za ka rubuta da hannunka: ga asusuna a banki kaza da kaza, ga wanda nake bi, ga wanda ke bi na, ga inda takardun fili suke. Ba sai ka sa lambar sirri ba. Wasu suna ganin rubuta wannan kamar kiran ajali ne. Ni dai na rubuta a tafiyata ta uku, ga ni ina rubuto maka wasiƙa.

Sai ranar dawowa, wadda a ganina ta fi dukan watannin can haɗari ga aljihu. Da muka dawo daga Laberiya aka biya mu alawus a dunƙule, ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba. Dillalan mota da na fili sun riga iyalanmu sanin ranar saukar jirginmu. Cikin mako uku na sayi mota, na sayi fili ban je na gani ba, na raba wa duk wanda ya zo barka da dawowa. Motar ta cinye sauran, filin kuma aka ce mu uku aka sayar wa. Bayan Mali kuma sai na yi wani kuskuren daban: ina sauka a farkon 2016 na canza dalolina gaba ɗaya zuwa kuɗin gida, bayan 'yan watanni darajar kuɗinmu ta zube ina kallo. Ba cewa nake kowa ya rungume dala ya zauna ba, ba wanda ya san gobe. Amma buɗe asusun dala kafin tafiya, a zuba a ciki, a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata, ya fi hankali. Shawarar da nake ba yara ita ce, wata uku na farko kada ka sayi komai da ya fi albashinka na wata. Wanda ya dawo daga daji kansa bai gama dawowa ba, ga ɗoki, ga gajiya, ga son a ga ya zo da abu. In kuma da tsabar kuɗi za ka shigo, ƙasashe da yawa suna so ka bayyana wa kwastan in ya haura dala 10,000, kaki ba ya ɗauke maka wannan.

Mun zauna da sojojin ƙasashe daban-daban, na kuma yi tambaya. Amurkawa suna da shirin ajiya na musamman ga sojan da aka kai fagen fama, yana zuba har dala 10,000 gwamnati ta ba shi ribar kashi 10 cikin 100 a shekara. Suna da dokar da ta hana a caji soja kuɗin ruwan da ya wuce kashi 6 cikin 100 kan bashin da ya ci kafin ya shiga aiki. Kafin su tashi kuma akwai lauyoyin soja da ke rubuta musu wasiyya da takardar wakilci kyauta. Ni ba ruwan nake kwaɗayi ba, da yawanmu ba ma cin sa. Abin da ya burge ni shi ne an zauna an yi tunanin aljihun soja kamar yadda aka yi tunanin bindigarsa.

Roƙona ga manyanmu bai kai nan ba ma. A cikin makonnin horon da ake yi kafin tafiya a ware yini ɗaya tak. A kawo mutumin ofishin albashi ya faɗi alawus nawa ne, da wane kuɗi, yaushe, a ba kowa a rubuce. A kawo lauya. A fito da takardar magaji kowa ya sake dubawa. A bar matan aure su shigo su ji da kunnensu, don su ne za su riƙe gidan. Bankunan da ke riƙe da albashin dubban sojoji kuma su ji kunya su ware teburi guda da zai iya tantance mutum ta bidiyo, ko ta hannun kwamandansa, maimakon a ce wa wanda ke Tumbuktu ya zo reshe.

Shi kuwa ɗan ƙanen nawa, washegari na sa shi a gaba muka tafi banki. A hanya ya ce dama niyyarsa ya bar katin wurin babansa. Na ce a'a. Ya dube ni ya ce, "Baba, ƙaninka ne fa, ba ka yarda da shi ba?" Na ce na yarda da shi ƙwarai, sai na ba shi labarin Darfur tun daga farko, abin da ban taɓa gaya wa wani yaro a gidanmu ba. Bai ce komai ba har muka isa. An sabunta katin, an sa umarnin wata-wata guda biyu, ɗaya na matarsa ɗaya na baban nasa, ya sayi ƙaramar waya ta biyu ya sa tsohon layinsa a ciki. Takardar kuma ya rubuta ta da daddare, ya liƙe a ambulan biyu, ɗaya tana wurin matarsa, ɗaya tana cikin akwatina. Ranar Alhamis jirginsu zai tashi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon samanja mai ritaya